Ilhama da Haƙuri a Aikin Mai Zane: Darasi daga Ibrahim El-Salahi



An nemi in yi magana a kan yadda mai zane yake aikinsa, watau abin da ke gudana tun daga sa'ad da ya tsaya gaban farar takarda ko farin ƙyalle har zuwa sa'ad da ya ajiye buroshinsa ya ce ya gama. Na san yawancin waɗanda ke wannan zaure ba zane suke karantawa ba. Akwai masu koyon shari'a, akwai masu koyon aikin likita, akwai kuma waɗanda suka riga suka kama aikin gwamnati suna fama da fayil-fayil. Wataƙila wani ya ce a ransa, ina ruwan biri da gada? To, abin da ya haɗa mu shi ne tarbiyya guda aka yi mana. Tun daga firamare an koya mana cewa mai ilmi shi ne wanda ya san amsa tun ba a rufe baki daga tambaya ba. A ɗakin jarrabawa mai jinkiri shi ke faɗuwa. A ofis kuwa ba a sakin ko kwabo sai an rubuta kiyasi, an faɗi abin da za a samu a ƙarshe. Da haka muka tashi muna jin kunyar mu buɗe baki mu ce ba mu sani ba tukuna. Shi kuwa mai zane, yawancin ransa a cikin wannan hali yake ƙarewa, kuma daga cikinsa yake fito da aikinsa.

Abin da nake so in kafa a wannan jawabi abu ɗaya ne. Ilhama tana sauka ne ga wanda ya daɗe yana tara gwaninta, wanda kuma ya iya haƙurin zama cikin rashin tabbas yana ta aiki, bai ƙaƙaba wa aikin amsar da ba tasa ba don kawai ya huta. In na ce ilhama, ina nufin irin sanin nan da ke zo wa mutum kafin ya iya faɗin dalilinsa, kamar yadda hannun mai zane kan nufi wani launi alhali bakinsa bai iya bayyana abin da ya sa ba. Don kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗora ta a kan rayuwar mutum guda, Ibrahim El-Salahi na ƙasar Sudan, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Afirka.

An haifi Salahi a birnin Umdurman a shekarar 1930. Mahaifinsa malamin addini ne, saboda haka abin da ya fara riƙewa shi ne allo da alƙalami da tawada, kamar kowane almajiri a nan ƙasarmu. Ya ga yadda ake ƙawata allo da zayyana, idonsa ya saba da lanƙwasar haruffan Larabci tun yana ƙarami. Daga baya ya koyi zane a Kartum, sa'an nan a 1954 aka tura shi makarantar zane ta Slade a Landan, inda ya zauna har 1957. A can ya koyi duk abin da ake koya wa ɗalibin Turai: yadda ake auna jikin mutum, yadda haske ke faɗuwa a kan fuska, yadda ake nuna nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle. Ya komo gida da takardar shaida da hannu mai kyau, ya kama koyarwa.

Nan fa ya gamu da abin da ba a koya masa ba. Ya shirya nunin zane-zanensa a wani babban otal na Kartum, hotunan mutane da na filaye irin waɗanda malamansa na Landan suka yaba. Mutanen gari suka zo bikin buɗewa, suka gaisa, suka tafi, ba su komo ba. Babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda aikin ya taɓa wa zuciya. Shi da bakinsa ya faɗa a hirarrakinsa cewa ya yi kimanin shekara biyu a cije, yana tambayar kansa abin da ya hana mutanensa karɓar abin da ya kawo musu.

Ku dubi hanyoyin da ke gabansa a lokacin. Yana iya cewa jama'a jahilai ne, ya ci gaba da sayar wa Turawan da ke zaune a Kartum. Yana iya yin sauri ya zana raƙuma da mata masu tulu a ka, ya ce ga zanen gargajiya. Kowace daga cikin biyun nan da ta fisshe shi daga damuwa cikin mako guda. Bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya shiga yawo yana duban abin da mutane ke ratayawa a ɗakunansu da abin da suke ƙawata kayansu da shi. Ya tarar abin da idonsu ya saba da shi rubutun Larabci ne, da adon faifai da tabarmi da fata da ƙorai. Sai ya soma sa ɗan rubutu a kusurwar zanensa, ƙarami kamar kan sarki a jikin ambulan. Mutane suka fara matsowa. Ya baza rubutun a kan ƙyallen duka, suka ƙara matsowa. Daga nan ya shiga farfasa haruffan, yana raba gaɓoɓinsu don ya ga abin da ke riƙe da su.

A wannan mataki ne abin da bai shirya ba ya faru. Daga cikin gutsattsarin haruffan da sararin da ke tsakaninsu sai siffofi suka riƙa ɓullowa: fuskokin mutane dogaye masu zurfin ido, dabbobi, tsuntsaye, tsire-tsire. Bai zauna ya tsara su ba. Yana bin layi ne kawai, layin ya kai shi gare su. Wannan salo shi ya zama ginshiƙin abin da aka sani da Makarantar Kartum, wadda ake ambaton sunansa a cikinta tare da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq. A 1961 ya zo Nijeriya, aka nuna aikinsa a kulob ɗin Mbari na Ibadan, a daidai zamanin da ɗaliban zane na Zariya irin su Uche Okeke da Demas Nwoko ke fama da tambaya irin tasa, watau yadda za a haɗa abin da aka koya daga Turawa da abin da aka gada.

Jama'a, a nan ya kamata mu tsaya mu tambaya: daga ina siffofin nan suka fito? Mai gaggawa zai ce baiwa ce, ta sauko daga sama rana ɗaya. Amma ku lissafa abin da ke cikin hannun mutumin a ranar. Akwai shekarun allo, akwai shekarun Kartum, akwai shekara uku na auna ƙashi da tsoka a Landan, akwai shekara biyu na kallo da tambaya. Hannun da ya farfasa harafin ya riga ya rubuta shi sau dubbai, idon da ya hango fuska a cikin gutsuren ya riga ya zana ɗaruruwan fuskoki. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan a wani fage dabam. A 1973 William Chase da Herbert Simon na Amurka suka yi gwaji da masu wasan darar nan ta Turawa da ake kira ces. Sukan nuna wa mutum allon wasa na 'yan daƙiƙoƙi, su rufe, su ce ya mayar da 'ya'yan darar yadda ya gan su. In jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan tsere wa ɗan koyo nesa ba kusa ba. In kuwa an watsa 'ya'yan ne barkatai, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Ma'ana, abin da gwani yake da shi tarin siffofi ne da ya sha gani, yana gane su nan take kamar yadda mutum kan gane muryar mahaifiyarsa a cikin kasuwa. Haka tsohon manomi kan dubi gabas ya ce wannan hadarin ba na ruwa ba ne, in ka tambaye shi dalili ya ce haka dai ya gani. Ilhama gwaninta ce da ta nutse har mai ita ya daina jin nauyinta.

Saboda haka dole a raba ilhama da kirdado. Misali mai kyau yana cikin labarin Paul Cézanne na Faransa. A 1899 ya zana hoton dillalin zane-zane Ambroise Vollard, kuma bisa ga labarin da Vollard ya bayar, sau 115 ya zauna masa. Duk da haka Cézanne ya bar wurare biyu ƙanana a kan hannun hoton ba fenti, ƙyallen na nan fari. Da aka yi masa magana, ya bayyana cewa bai sami launin da ya dace da wurin ba tukuna, in kuwa ya sa wani launi da ka, sai ya sake hoton gaba ɗaya daga wannan ɗigo. Ɗan koyo da ya cike gurbin cikin minti ɗaya, don ganin farin yana damunsa. Gwani ya san bambancin launin da ya zo da wanda aka jawo da ƙarfi, ya gwammace a ga gurbi da a ga ƙarya.

Mu koma ga Salahi, domin jarrabawarsa mafi tsanani tana gaba. A farkon shekarun 1970 ya zama babban ma'aikacin gwamnati a ma'aikatar al'adu ta Sudan, mai ofis da muƙami, irin matsayin da da yawa daga cikinmu ke fata. A watan Satumba na 1975 aka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Ja'afar Numairi. Aka kama shi bisa zargin yana da hannu, aka kai shi kurkukun Kobar, ya yi wata shida da 'yan kwanaki ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Wannan shi ne rashin tabbas tsagwaronsa: mutum bai san laifinsa ba, bai san ranar fitarsa ba, bai ma san ko zai fita ba. Doka a gidan ita ce duk wanda aka kama da takarda ko abin rubutu za a kulle shi shi kaɗai kwana 15. Duk da haka ya sami guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane a kansu, in ya ji motsin gandiroba ya binne su cikin yashi.

Ku lura da abin da wannan ƙunci ya tilasta masa. Ba shi da ikon shimfiɗa babbar takarda ya tsara hoto daga sama har ƙasa. Sai dai ya zana ɗan abu a kan gutsure ɗaya, gobe ya ɗauki wani gutsuren ya ci gaba daga inda layin jiya ya tsaya. Bai taɓa ganin hoton duka a gabansa ba sa'ad da yake yin sa. Da ya fita, maimakon ya yar da wannan hanya a matsayin abin da wahala ta jawo, sai ya riƙe ta ta zama tafarkinsa. Yakan fara da ƙwaya guda a tsakiya, ya zauna da ita har ta nuna masa inda take son miƙewa, sa'an nan ya liƙa wata takarda a gefe ya bi ta. Ya sha kwatanta abin da tsiro, wanda mai shuka ba ya iya faɗa masa yawan rassan da zai yi. A 1976, yana tsare a gida, ya cika wani littafi da zanen tawada da rubutu a kan abin da ya gani a kurkuku. Daga baya ya bar ƙasar ya zauna a Katar, inda ya yi shekaru yana aiki galibi da baƙi da fari kawai.

Da wannan hanya ya yi babban aikinsa na 1984 zuwa 1985, wanda sunansa ke nufin abin da ba makawa sai ya auku. Alluna tara ne aka jera uku-uku, tsayinsu ya haura mita 5, faɗinsu kimanin mita 6, duka da baƙar tawada. Yana nuna jama'a sun yunƙuro, hannuwa a dunƙule sama, suna fuskantar masu danne su. A watan Afrilu na 1985 mutanen Sudan suka fito kan titi, mulkin Numairi ya faɗi. Zanen yana gidan adana zane-zane na Jami'ar Cornell a Amurka. Abin lura gare mu shi ne, aiki mai wannan girma ya taso ne daga dabarar da aka koya a kan gutsuren buhun siminti, dabarar yarda da mataki na gaba alhali ba a hango na ƙarshe ba.

Akwai wani abu kuma da ya danganci shirinsa. Salahi ya faɗa cewa yakan yi alwala ya yi salla kafin ya fara zane. Ko mutum ya dubi wannan ta fuskar ibada kawai, ko ya haɗa da fuskar sana'a, darasin a fili yake: ba a jin ƙaramar murya a cikin hayaniya. Wanda ya zauna aiki zuciyarsa cike da tunanin abin da za a ce da shi, ko kuɗin da za a saya, ko ranar da aka yanka masa, abin da ya riga ya sani kawai zai maimaita.

Yanzu bari in ɗauki sukar da na san tana zukatan wasunku, domin tana da ƙarfi. Wani zai ce, ashe wannan magana ba rigar da malalaci zai sa ba ce? Ɗalibin da bai rubuta ko shafi ɗaya na kundin digirinsa ba zai ce yana jiran ilhama. Ma'aikacin da ya danne fayil ɗin wani bawan Allah wata uku zai ce yana nazari, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Gaskiya ne ana fakewa da haƙuri a yi sakaci, kuma talaka ne ke biyan kuɗin wannan sakaci. Amma akwai ma'auni mai sauƙi na raba su. A tambayi mutum abin da hannunsa ya yi yau. Shekara biyun da Salahi ya yi a cije, a kan ƙafa ya yi su, yana shiga gidaje yana gwaji. Wata shidan kurkuku da fensir a hannu ya yi su, yana kasadar kwana 15. Cézanne da ya bar gurbi biyu, ya riga ya yi zama 115 a kan sauran ƙyallen. Mai haƙurin da aka ce yakan dafa dutse, ai sai da ya hura wuta ya yi ta iza ta.

Suka ta biyu ita ce, ba kowane aiki ne zane ba. Wannan ma gaskiya ne. Injiniyan da zai gina gada ba zai ce ƙarfen zai nuna masa inda yake son miƙewa ba, likita ba ya auna magani da jin jiki, ma'aji ba ya rufe lissafi da ilhama. Inda akwai ƙa'ida tabbatacciya, bin ta wajibi ne. Amma kafin a zo ga lissafin ƙarfe, akwai tambayar ko a nan ya kamata gadar ta zauna, da ko gada ce ma mutanen wurin suke bukata. Kafin a auna magani, akwai gane cutar da ba ta zo yadda littafi ya siffanta ta ba. A irin waɗannan wurare ne mai ilmi kan sami kansa inda Salahi ya sami kansa bayan nunin Kartum: yana da takardar shaida, yana da amsar da aka koya masa, mutanen da ya zo dominsu kuwa ba su matso ba. Wanda bai iya jure wannan hali ba zai yi maza ya ɗora wa jama'a laifi, ko ya kwafo tsarin wata ƙasa ya ƙaƙaba musu. Bugu da ƙari, ko mai zanen ma ba ya gaskata ilhamarsa ido rufe. Yakan ja da baya ya duba, ya bar aikin ya kwana, ya komo da safe ya goge abin da jiya ya yi masa kyau. Ilhama ce ke kawo shawara, amma ido da hankali ne ke zartar da ita ko su soke ta.

Kada kuma in yaudare ku da cewa haƙuri kullum yana biya a kan kari. Sai a 2013, yana da shekara 82, gidan nune-nunen Tate Modern na Landan ya shirya babban nunin ayyukan rayuwarsa, shekara 56 bayan ya bar makarantar Slade a wannan birni. Masu zane da yawa sun mutu ba su ga irin wannan rana ba. Wanda zai bi wannan tafarki sai ya nemi ladansa a cikin ingancin aikin tun kafin a yaba. Shi Salahi ko da tsufa ya zo masa da ciwon baya mai tsanani, har tsayuwa gaban babban ƙyalle ta gagare shi, sai ya koma zane a kan kwalayen magungunan da yake sha da tsofaffin ambulan, ya tara ɗaruruwansu.

Daga wajajen shekarar 2000, bayan ya koma Ingila da zama, ya yi jerin zane-zane a kan wata bishiya ta bakin kogin Nilu da mutanen Sudan ke kira haraz. Ba baƙuwa ba ce gare mu, gawo ne. Kowane ɗan ƙauye a nan ya san halinsa: in damina ta sauka, itatuwa duka sun yi kore, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar busasshe, in rani ya yi, kowa ya bushe, sai ya yi ganye ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Mutanen Sudan na cewa faɗa ya yi da ruwan sama. Masana tsirrai kuwa sun nuna cewa saiwarsa ce ke nutsawa can ƙasa ta iske ruwan da sauran ba su kai gare shi ba. Manomi bai sare shi don ya gan shi tsirara a watan Agusta, domin ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa.

'Yan'uwana ɗalibai, da ku da kuka fara aiki, za ku shiga lokutan da tsararrakinku duka sun yi kore, kowa na da amsa a baki, ku kuwa abin da ke gabanku bai bayyana muku ba. Shawarata ita ce ku ƙware a sana'arku har ta zauna muku a hannu, domin babu ilhamar da za ta zo wa wanda bai tara kome ba. In kun iso inda karatunku ya ƙare, ku faɗa a fili cewa ba ku sani ba tukuna, ku faɗi kuma abin da za ku yi gobe da safe don ku sani. In kun zama manya a ofis, ku bar wa na ƙasa da ku damar faɗin haka ba tare da tsoro ba, domin shugaban da ba ya karɓar wannan magana, amsoshin kirdado za a riƙa kawo masa, da su kuma zai riƙa yanke wa jama'a hukunci.